Tayi da Yawa, Babu Sallama: Yadda Maganar Sayen Kamfanin Intel ta Kaya

Ranar Juma'a 20 ga Satumba 2024, jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin cewa kamfanin Qualcomm, mai zanen ƙwaƙwalwar wayoyin hannu, ya tuntuɓi Intel da maganar saye shi ɗungurungum. Da a ce shekara 10 kafin nan wani ya faɗi haka, dariya za a yi masa. Intel ne fa, kamfanin da Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa a 1968, wanda ya daɗe yana jan ragamar ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta a duniya. Ko a shagunan kwamfutar gwanjo na Kano ko Yamai, tambayar farko da mai saye kan yi ita ce "Core i5 ce ko i7?", kuma duka biyun sunayen furosesan Intel ne, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da kwamfutar.

Cikin shekara guda da ta biyo baya, sunayen masu tayi suka yi ta fitowa a jaridu: Qualcomm, Arm, Broadcom da TSMC, duk kamfanonin ƙwaƙwalwar na'urori, sai Apollo, kamfanin zuba jari. Babu wanda aka sallama wa kamfanin. Dalilin ba rashin kuɗi ba ne kaɗai. Intel sana'a biyu ce a gida ɗaya, kowa na son ɗaya, babu mai son ɗayar, kuma an ɗaure su da igiyoyin da mai saye ba zai iya kwancewa shi kaɗai ba.

Yadda aka zo nan

Sana'ar farko ita ce zane, wato tsara yadda furosesa za ta yi aiki. Ta biyu ita ce ƙira, wato masana'antar da ke mayar da zanen ya zama abin da ake sa wa a kwamfuta. Nvidia da AMD da Qualcomm da Apple zane kawai suke yi, su miƙa wa wani, galibi TSMC na Taiwan, ya ƙera musu a kan kwangila. Intel shi ke zanawa, shi ke ƙerawa. Lokacin da masana'antunsa suke gaba da na kowa, wannan ne ƙarfinsa. Da fasaharsa ta nanomita 10 (sunan matakin ƙira ne, ƙaramar lamba ta fi ci gaba) ta yi jinkirin kusan shekara 3, aka kuma sanar da jinkirin ta nanomita 7 a Yulin 2020, sai TSMC ya wuce shi, AMD ya shiga cin kasuwarsa da kayan da TSMC ya ƙera, Apple kuma ya fara sa tasa furosesar a kwamfutocin Mac a ƙarshen 2020.

Pat Gelsinger ya karɓi shugabanci a Fabrairun 2021 da alkawarin matakan fasaha 5 cikin shekara 4, da sabbin masana'antu a Arizona, Ohio da Magdeburg ta Jamus, da buɗe ƙofa a riƙa ƙera wa wasu kamar yadda TSMC ke yi. Ana tsaka da zuba kuɗi a gini sai ciniki ya karye: daga dala biliyan 79 a 2021 zuwa biliyan 53.1 a 2024. Kuɗin da duniya ta zuba a ƙirƙirarriyar basira kuma Nvidia ya kwashe. Ranar 1 ga Agusta 2024 Intel ya ce zai sallami kimanin ma'aikata 15,000, ya kuma dakatar da raba riba ga masu hannun jari. Washegari hannun jarinsa ya faɗi da kashi 26 cikin 100. A wata ukun da suka biyo baya ya bayyana asarar dala biliyan 16.6, mafi yawanta daga rage darajar kadarori a littafi. A Nuwamba aka cire shi daga jerin Dow Jones na manyan kamfanonin Amurka aka sa Nvidia, a farkon Disamba Gelsinger ya sauka.

Alƙaluma biyu sun isa su bayyana duk abin da ya biyo baya. A 2024 sashen zane da sayar da furosesa ya ci ribar aiki ta kusan dala biliyan 13. Sashen masana'antu ya yi asarar biliyan 13.4. Abin da hannun dama ya samo, hagu ya zubar. Lokacin da labarin Qualcomm ya fito, darajar Intel gaba ɗaya a kasuwa ba ta wuce kimanin biliyan 90 ba, alhali gine-gine da injunansa kawai sun haura biliyan 100 a littafinsa. Ma'ana, kasuwa na kallon masana'antun a matsayin kaya a wuya, ba dukiya ba.

Abin da ke cinye kuɗi a masana'anta

Ana ƙera furosesa ne a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300. Faifai ɗaya yana bin ɗaruruwan matakai na haskawa, ƙwaƙulewa, shafe da gogewa, ya yi wata 3 ko fiye kafin a yayyanka shi ƙwaya-ƙwaya. Idan kowace ƙwaya tana da girman murabba'in santimita 1, ana samun kimanin 600 a faifai. Idan babba ce mai santimita 6, irin ta manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, ba za ta wuce 90 ba.

Ba dukansu ke fitowa lafiya ba. Ƙura ɗaya da ido ba ya gani, ko kaucewar layi kaɗan wajen haskawa, ta isa ta kashe ƙwaya. Shi ya sa injiniyoyi ke auna lafiyar sabuwar fasaha da yawan tabo a kowane murabba'in santimita. A 2024 Intel ya ce tabon sabuwar fasaharsa ta ƙira mai suna 18A ya sauka ƙasa da 0.4. A ɗauki 0.4 ɗin a yi lissafi da ƙa'idar da aka saba amfani da ita: ƙaramar ƙwaya mai santimita 1, kimanin kashi 67 cikin 100 za su tsira, wato 400 daga 600. Babba mai santimita 6 kuwa kashi 9 ne kacal, wato ƙwaya 8 daga 90. Idan tabon ya sauka zuwa 0.1, inda nunanniyar fasaha take kaiwa, ƙaramar ta koma kashi 90, babbar kashi 55. Faifai iri ɗaya, kuɗin aiki iri ɗaya, amma wannan ya ba da ƙwaya 8, wancan kusan 50. Shi ya sa za a ji kamfani na cewa fasaharsa lafiya lau, abokin ciniki kuma ya gwada ya ce da sauran aiki, kuma duk cikinsu babu mai ƙarya. A farkon Satumban 2024 Reuters ya ruwaito cewa gwajin da Broadcom ya yi a kan 18A bai gamsar da shi ba.

Sai tsadar kayan aiki. Sabuwar masana'anta irin ta zamani takan ci dala biliyan 20 ko fiye. Injin haskawa mafi sabunta na kamfanin ASML na Holan, wanda Intel ya riga kowa karɓa, guda ɗaya yana kaiwa kusan dala miliyan 380. Darajar injunan nan raguwa take yi a littafi kowane wata, ko suna aiki ko suna zaune. Masana'antar da ke aiki rabi-rabi asara take yi dare da rana. TSMC yana cika nasa da odar ɗaruruwan kamfanoni. Intel kuwa, cikin cinikin dala biliyan 17.5 da sashen masana'antunsa ya rubuta a 2024, abin da ya zo daga baƙi na waje bai kai rabin biliyan ba. Sauran duk Intel ne ke biyan Intel. Abin da ya ƙara dagula lamarin, manyan sassan furosesan Lunar Lake da Arrow Lake na 2024, TSMC aka ba su ya ƙera. Mai gidan burodi ne yake aika yaro sayo burodi a maƙwabta.

Lissafin Qualcomm

Ba a sayen kamfani a farashin kasuwa, sai an ɗora wa masu hannun jari wani abu a kai, galibi kashi 30 ko fiye. A ɗora wannan a kan biliyan 90, an doshi 120. Mai saye zai kuma gaji bashin kusan biliyan 50. Qualcomm a lokacin darajarsa kimanin biliyan 190 ce, tsabar kuɗin da ke hannunsa kimanin biliyan 13. Ko dai ya ciwo bashin da bankuna ba su taɓa bai wa wani kamfanin fasaha ba, ko ya buga sabbin hannayen jari ya biya da su. Idan ya bi hanya ta biyu, masu jarin Intel za su tashi da kusan kashi 40 na sabon kamfanin. Sannan kamfani mai ma'aikata kimanin 49,000, wanda ba ya tafiyar da masana'antar furosesa, zai haɗiye mai ma'aikata fiye da 100,000. Abin da Qualcomm ke so a fili yake: sashen zanen furosesan kwamfuta, domin ya rage dogaro da wayar hannu. Sauran kuma dole ya nemi wanda zai jibga wa. Zuwa ƙarshen Nuwamba, Bloomberg ya ruwaito cewa sha'awarsa ta yi sanyi. Arm ma sashen zanen ya nema, aka ce masa albarka.

Takardar 2009

Wannan ce igiyar da labaran jaridu suka fi tsallakewa. Furosesan Intel da na AMD harshe ɗaya suke ji, wanda ake kira x86, kuma a kansa aka gina yawancin manhajojin Windows da na cibiyoyin bayanai. Intel ne ya ƙirƙiro shi, amma faɗaɗa shi zuwa tsarin bit 64 da kowace kwamfuta ke amfani da shi yau aikin AMD ne na 2003. Kowannensu na riƙe da haƙƙin mallakar da ɗayan ba zai iya aiki ba sai da shi. A Nuwamban 2009 suka sasanta rigingimunsu na kotu, Intel ya biya dala biliyan 1.25, suka sa hannu a yarjejeniyar yin amfani da fasahar juna. A cikinta akwai sharaɗin cewa idan mallakar ɗaya daga cikinsu ta sauya hannu, yarjejeniyar ta warware ga kowa.

An rubuta sharaɗin ne lokacin da AMD ne mai rauni, domin kada wani attajirin kamfani ya saye shi ya shigo gasar x86 ta bayan gida. Shekara 15 bayan haka reshe ya juye da mujiya. Duk wanda zai sayi Intel dole ya zauna da AMD su sake ciniki, kuma AMD ba shi da dalilin sauƙaƙa wa wanda zai zo ya ƙarfafa kishiyarsa. Gaskiya ne warwarewar ta shafi AMD ma, saboda haka a ƙarshe da sun daidaita. Amma babu bankin da zai ba da rancen biliyoyi kafin ya san nawa wannan daidaitawar za ta ci.

Sa hannun Beijing

Kamfanoni biyu na Amurka za su iya shirya cinikinsu, amma idan suna sayar da kaya da yawa a ƙasar Sin, sai hukumar hana babakere ta can ta amince. Kashi 27 cikin 100 na cinikin Intel a 2023 daga Sin ya fito, na Qualcomm ma ya fi haka. Beijing ba ta buƙatar ta ce a'a, shiru kawai za ta yi har wa'adin ciniki ya ƙare. Su biyun duk sun ɗanɗana. A Yulin 2018 Qualcomm ya haƙura da sayen kamfanin NXP na Holan kan dala biliyan 44, ya biya biliyan 2 kuɗin fasa ciniki. Intel ya jira wata 18 a kan Tower Semiconductor na Isra'ila, cinikin biliyan 5.4, ya haƙura a Agustan 2023, ya biya miliyan 353. A lokacin da Washington ke hana a sayar wa Sin injunan ƙira da manyan ƙwaƙwalen Nvidia, da wuya a ga dalilin da zai sa Sin ta sa albarka a haɗewar da za ta ƙarfafa Amurka. Hukumomin Amurka da Turai ma ba kanwar lasa ba ne: matsinsu ne ya sa Nvidia ya fasa sayen Arm a Fabrairun 2022.

To a raba gidan mana

A tsakiyar Fabrairun 2025 magana ta sauya salo. Wall Street Journal ta ce Broadcom na duba sashen zane, TSMC kuma na nazarin karɓar masana'antun, kowa da nasa shirin. Ranar kasuwa ta farko bayan labarin, hannun jarin Intel ya tashi da kashi 16. A Maris Reuters ya ƙara da cewa TSMC ya yi wa Nvidia da AMD da Broadcom tayin haɗin gwiwa, shi ya tafiyar da aikin amma rabonsa kada ya wuce kashi 50.

A takarda abin ya yi kyau, amma an taɓa gwada irinsa har sau biyu. A 2009 AMD ya ware masana'antunsa suka zama GlobalFoundries, da kuɗin Abu Dhabi. Masana'antar da aka yaye ba ta rayuwa sai tsohon uban gidanta ya yi alkawarin ci gaba da sayen faifai, saboda haka aka ɗaure AMD da yarjejeniyar saye. Da kasuwa ta yi sanyi a 2012 ya rage oda, sai da ya amince da biyan dala miliyan 320. Bai samu sakewa sosai ba sai a 2018, da GlobalFoundries ya ce ya daina bin nanomita 7, shi kuma ya koma TSMC. Na biyu ya fi wannan ban mamaki: a 2014 IBM ne ya yarda ya biya GlobalFoundries dala biliyan 1.5 domin ya karɓi masana'antunsa. Broadcom ya san tarihin nan. Idan ya sayi sashen zane ba tare da alkawarin saye ba, masana'antun sun mutu. Idan ya yi alkawarin, to bai rabu da su ba ke nan, sunan kawai ya sauya.

Ta fuskar aiki ma, TSMC ba zai shigo ya sauya allon ƙofa a ci gaba ba. Injuna na iya zama na kamfani ɗaya, amma jerin matakai, sinadarai, da ƙa'idojin da mai zane ke bi duk daban ne. 18A tana shigar da wuta ta bayan faifai, abin da fasahar TSMC ta nanomita 2 ba ta yi a zubinta na farko. Ko dai TSMC ya zubar da fasahar Intel ya sake jera injuna a kan tasa, aikin shekaru da biliyoyi, ko ya koya wa injiniyoyin kishiyarsa sirrin da ya kai shi inda yake. A farkon Maris 2025 TSMC ya sanar da ƙarin dala biliyan 100 a nasa masana'antun na Amurka, a Afrilu shugabansa C.C. Wei ya ce ba sa tattauna wani haɗin gwiwa da kowa.

Ga kuma gwamnati. Tallafin dala biliyan 7.86 da aka kammala wa Intel a Nuwamban 2024 ƙarƙashin dokar CHIPS, ta tallafa wa ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta a Amurka, ya zo da sharaɗin cewa idan ya ware masana'antun a matsayin kamfani mai zaman kansa, dole ya riƙe aƙalla kashi 50.1. Banda haka, wasu masana'antun an riga an sayar da rabonsu: kamfanin zuba jari na Brookfield na da kashi 49 a sabbin na Arizona tun 2022, Apollo ya biya biliyan 11 a 2024 ya karɓi kashi 49 na Fab 34 da ke Ireland. Ga Washington, masana'antun Intel ƙadangaren bakin tulu ne. Shi kaɗai ne kamfanin Amurka da ya rage yana bincike da ƙira a matakin ƙoli, sojoji na buƙatarsa, ba za a bar shi ya rushe ba, ba a kuma son a damƙa shi ga baƙo.

Yadda ake karanta irin wannan labari

Sayen kamfani yana da tsani. Ana fara da tuntuɓa, sai yarjejeniyar rufe sirri, sai a buɗe wa mai saye littattafai ya bincika, sai tayi a rubuce, sai amincewar daraktoci, sai sa hannu da sanarwa, sai ƙuri'ar masu hannun jari, sai hukumomi, sannan biya. Kalmomin "ya tuntuɓa" da "yana nazari" matakin ƙasa ne, kuma duk labaran Qualcomm da Broadcom ba su wuce nan ba. Idan an sa hannu da gaske, dokar Amurka ta tilasta wa kamfani ya sanar da SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, cikin kwana 4 na aiki, ba sai an jira majiyar da ta nemi a sakaya sunanta ba.

Yana da kyau a tambayi wa ke cin riba idan maganar ta fita. Bankunan da ke dillancin irin wannan ciniki la'adarsu ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, saboda haka yayata cewa akwai mai tayi yana jawo wasu. Mai saye na iya sakin maganar ya ga yadda masu jarinsa da gwamnati za su karɓe ta. Wani daraktan kuma matsin lamba yake nema a kan shugaban da ya gaji da shi.

Farashi ma yana magana. Ranar da labarin Qualcomm ya fito, hannun jarin Intel ya rufe da ƙarin kimanin kashi 3, na Qualcomm ya sauka da kusan haka. Idan ana sa ran ɗorin kashi 30 amma aka motsa da kashi 3, to masu kuɗi sun ba cinikin damar kusan 1 cikin 10 ke nan.

Abin da ya faru a zahiri

Lip-Bu Tan ya zama shugaba a Maris 2025. A Afrilu aka sanar da sayar wa kamfanin zuba jari na Silver Lake kashi 51 na Altera, wani reshen Intel, a kan dala biliyan 4.46, inda aka ƙiyasta kamfanin duka biliyan 8.75, shi da Intel ya saya biliyan 16.7 a 2015. A Yuli aka soke gine-ginen da aka shirya yi a Jamus da Poland, aka ƙara rage gudun na Ohio. Sai kuma a Agusta aka shiga watanda. SoftBank na Japan ya zuba biliyan 2 a kan dala 23 kowane hannu. Ranar 22 ga wata, mako biyu bayan Shugaba Trump ya nemi Tan ya yi murabus, gwamnatin Amurka ta mayar da biliyan 8.9 na tallafin da ba ta riga ta biya ba ya zama jari: hannaye miliyan 433.3 a kan dala 20.47, kashi 9.9 na kamfanin, ba tare da kujerar darakta ba. Ranar 18 ga Satumba Nvidia ya ce zai sa biliyan 5 a kan dala 23.28. Duk cikinsu babu wanda ya kai ga sauya mallaka, saboda haka takardar 2009 ba ta motsa ba.

A cikin yarjejeniyar gwamnati akwai wani saƙo da aka cusa. An ba ta haƙƙin sayen ƙarin kashi 5 a kan dala 20 kowane hannu har tsawon shekara 5, amma sai idan rabon Intel a masana'antunsa ya sauka ƙasa da kashi 51. Duk wanda zai sake kawo shawarar raba gidan dole ya sa wannan a lissafinsa.

Har zuwa ƙarshen 2025 kuwa, matsalar asali tana nan inda take. A rahoton da ya miƙa wa SEC a Yulin 2025, Intel ya rubuta cewa idan bai samu babban abokin ciniki daga waje ba, zai iya dakatar da fasaharsa ta gaba, 14A, ko ya bar ta gaba ɗaya. Yarjejeniyar Nvidia ta ƙunshi yin furosesa tare domin cibiyoyin bayanai da kwamfutocin hannu, amma babu alkawarin kawo ƙwaƙwalen Nvidia a ƙera a masana'antun Intel. A Oktoba aka nuna Panther Lake, furosesa ta farko a kan 18A, da sabuwar masana'antar Fab 52 ta Arizona inda za a riƙa ƙera ta da yawa. Wanda ya ba da odar, Intel ne da kansa.